Sulken Yayana Nomau a Birnin Matuƙa

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa ya yi mata iyaka, ya buɗe hanyoyi ya ɓoye ƙarshensu, ya ba ƙafa tafiya, ya ba ido kallo, ya bar wa tsohuwa baki. Ni ce Gwamma 'yar Barau, mai magani, wadda ta je inda hanya ta ƙare ta dawo. Ban yi nisa a karatu ba, abin da na sani duk a tafe na tsince shi. Mai son ji ya gyara zama, mai son musu ya bari in gama, don ba na maimaita magana.

Mu biyu muka bar gida, ni da yayana Nomau, a shekarar da kogi ya cinye gonarsa. Nomau dogo ne, mai faɗin kafaɗa, mai nauyin baki, irin mutanen da ake kira idan za a ɗaga jinka, a manta da su idan an zo rabon tuwo. Ni kuwa mijina ya rasu, 'ya'ya kowa ya kama gidansa, ba abin da ya riƙe ni sai burgamin magani, shi ma a kafaɗa yake. Wasu fatake suka ba mu labarin wani birni da ke bayan dukkan birane, wai shi Birnin Matuƙa. Suka ce wanda ya kai can ya gama wahala, kayan jikinsa kaɗai sun ishe shi daraja. Nomau ya ce zai je. Na ce ba zai je shi kaɗai ba, mutumin da ko tambayar hanya nauyi take yi masa.

Ba zan ja muku labarin hanya ba, ko da yake ta ci mana shekaru. Mun ratsa ƙasar da duwatsu ke fita kiwo da safe su dawo da yamma kamar tumaki. Mun haye kogin da ruwansa ke gudu zuwa kan tudu. Mun kwana a dajin da itatuwansa ke matsawa su toshe hanya idan ba ka gaishe su ba. A kowane zango al'adar ɗaya ce. Mutanen gari su sa ka aiki, ko ka kore musu ɓeraye masu girman jaki daga rumbu, ko ka kai saƙo bayan tsauni, su saka maka da kaya. Nan hula, can takalmi, gaba mashi. Kullum na gaba ya fi na baya. Nomau ya fara da sanda da buzu, ya kai ga lifidi da garkuwar fatar giwa. Duk abin da ya taso mana shi ke shiga gaba ya tare, ni ina bayansa ina hura masa garin magani, rauni yana rufewa ina kallo, don a ƙasashen can magani nan take yake ci. A hanyar nan na fara jin yayana yana dariya da ƙarfi.

Birnin Matuƙa a gindin wani baƙin tsauni yake, tsaunin da ya tokare sama, bayansa ba komai. A ƙofar gari muka tarar da wani mutum tsaye cikin tsohon kwalkwali. Ya dube mu ya ce, "Sannunku da zuwa, yanzu kuka fara."

Na ce masa fara me, mu da muka kashe ƙafa shekara da shekaru? Ya sake dubana ya faɗi maganar nan dai, da muryar nan dai. Sai na kai ido ƙasa. Ƙafafunsa sun nutse har idon sawu, ciyawa ta tsiro a kan takalminsa. Muka shiga gari, ga irinsa nan jefi-jefi a bakin hanya, maza da mata, kowa da maganarsa guda. Mutane na wuce su kamar turaku.

Wadda ta warware mana zancen wata tsohuwa ce da ake kira Iya Ma'auni. A ƙarƙashin tsamiya take zama a gindin tsaunin, gabanta ga ma'auni wanda mutum ke hawa da kayansa. Ta nuna mana ƙofofi sassaƙe a jikin dutsen, wata sama da wata. Ta ce bayan kowace ƙofa akwai dodo, kuma ƙofa ba ta buɗewa sai ranar kasuwa, ba ta kuma buɗe wa ayarin da bai cika ba. Idan an kashe dodon yakan zubar da kaya guda, wanda ya ga dama, kafin wata kasuwar ya tashi garau kamar ba a taɓa shi ba. Kayan kuma wanda ya fara sa shi a jiki shi ya kama, ba kyauta, ba aro, ba gado, idan ya tuɓe ya ruɓushe ya zama tsatsa. Ba a barin kowa ya doshi ƙofa sai kayansa sun rinjayi dutsen awon ƙofar. Na tambaye ta mutanen nan na bakin hanya fa? Ta ce su ne tsayayyu. Ƙasar garin ba ta son mai zama wuri ɗaya. Wanda ya daɗe bai ratsa sabuwar ƙofa ba, sai ta fara riƙe masa diddige, maganarsa ta riƙa raguwa, har ta rage guda.

Muka hau ma'aunin ƙofar farko. Ni na rinjaya da ƙyar. Nomau bai rinjaya ba. Na ce wa Iya to ina ake samun kayan da za su rinjaya? Ta nuna ƙofar da haɓa, ta ce a ciki.

Na ce, "Iya, ai wannan zancen mahaukata ne. Sai ya shiga zai samu, sai ya samu zai shiga?"

Ta ce, "'Yar nan, ni awo nake yi. Ba ni na sassaƙa dutsen ba."

Na zaga gari ina sauraro, don ni idan na shiga baƙon wuri kunne nake fara saki. Na gane maharba sun yi yawa kamar ƙasa, masu garkuwa ba laifi, masu magani kuwa nemansu ake kamar ruwa a rani. Na kuma ji cewa madugu yana da ikon shigar da mutum guda a kan wuyansa, ko bai rinjaya ba, amma a ƙofar farko kawai. Sai na nemi wani madugu mai suna Jatau, wanda mai maganinsa ya gudu zuwa wani ayari. Gajere ne, mai saurin magana, ba mugu ba, amma idonsa kullum a kan ƙofar gaba yake. Na ce masa ni da yayana kaya ɗaya ne, ba a kwance mu. Na kuma sa masa sharaɗi, duk ranar da sulke ya faɗo na Nomau ne, ba ƙuri'a. Ya ƙare wa Nomau kallo, ya ce dattijon nan ai lifidinsa ko sauro zai huda. Na ce to ya je ya nemi wanda zai hura musu magani. Ya yarda.

Dodon ƙofar farko kunkuru ne na tagulla, girmansa ya kai unguwa. Yana da wata rawa da ba ya canzawa. Ya buga ƙafa, ƙasa ta yi ja a wasu wurare, wanda ya tsaya a kan jan ya ƙone. Ya ja wuya ciki, kowa ya ruga bayan mai garkuwa, don tururi zai feso. Sannan ya juya kamar dutsen niƙa ya bi ta kan duk wanda ya samu. Shigarmu ta farko ko gumi ba mu yi ba ya markaɗe mu. Mutuwar can ba irin tamu ba ce. Ido ya rufe, ka farka a bakin rijiyar tsakar gari, bakinka da ɗanɗanon toka, kayanka a lotse, mata masu ɗibar ruwa suna tsallake ka. Amma zafin na gaske ne. Har yau idan hadari ya haɗu haƙarƙarina na tuna kunkurun nan.

Kasuwa bayan kasuwa muna shiga muna farkawa a bakin rijiya. Mun haddace bugun ƙafa, mun haddace tururi, juyin nan ne ya gagare mu. Rannan ina kaɗa miya sai dabara ta zo mini. Na sa aka jiƙa karkashi cikin tuluna, muka shiga da su. Da kunkurun ya ja numfashi zai juya, muka fasa tulunan a gabansa. Ya taka yauƙi, ya sulale, ya bugi bango, ya kife a bayansa ƙafafu sama. Cikinsa laushi gare shi kamar na kowane kunkuru. Maharba suka gama da shi. Aka yi ta guɗa, aka taru a ga abin da ya zubar. Tsirkiyar baka ce.

Wata kasuwar, takalmin ƙafar hagu. Ta gaba, zoben maharbi. Ta gaba, tsirkiyar nan dai. Kowa ya san akwai sulke a cikin kunkurun, don akwai tsofaffin da suka taɓa ganinsa, amma ba roƙo, ba dabara, ba addu'ar da ke sa shi ya zubar da abin da kake so. Kayan kowa suka yi nauyi, har ni na sami warwaro da sabon burgami. Nomau, wanda tururin ke ƙarewa a ƙirjinsa kowane shiga, yana nan da lifidin hanya. Idan an zo rabo sai ya ja gefe ya zauna yana gyaran maɗaurin garkuwa.

Ayari ya isa hawa ƙofa ta biyu. Kowa ya rinjaya ban da yayana. Na kwana biyu ina ɗinke ƙananan duwatsu cikin lifidinsa, muka koma. Ma'aunin ko motsi bai ƙara ba. Iya ta yi dariya har da tari, ta ce ba irin wannan nauyin take aunawa ba, da haka ne da jakuna sun riga kowa shiga. Ta sa na farke ɗinkin a gabanta.

Jatau ya samo wani mai garkuwa. Na ce in haka ne ni ma na bar ayarin. Muka yi ta ja, har muka tsaya a kan cewa kasuwa ɗaya mu hau ƙofa ta biyu ba Nomau, kasuwa ɗaya mu dawo wa kunkuru saboda shi. Mutanen ayari suka riƙa gunaguni. Wani maharbi mai baki ya ce sun zama 'yan aikin gayya a gonar da ba ta tsiro, wata ta ce warin karkashi ya kama mata gashi. Na ce wanda ya gaji ya faɗa mini tun yanzu, in san wanda zan manta da shi idan tururi ya taso. Suka daina gunaguni, amma don tsoro ne, na kuma san tsoro ba ya daɗewa.

A lokacin nan na fara lura da tafiyar Nomau. Idan ya daɗe tsaye, sai ya fizgi ƙafa kamar mai fita daga taɓo. Labarin gona da na kogi da yakan yi mini duk ya daina. In yi masa magana mai tsawo, ya amsa da kalma biyu. Na shafa masa duk abin da ke cikin burgamina, na dafa saiwa, na yi masa turare. Maganin da ke rufe ƙuna ina kallo bai yi wa diddigen nan komai ba. Da safe sai in kama hannunsa in yi ta zagaya gari da shi kamar mai koya wa yaro tafiya, ina kauce wa layin da tsayayyu suka fi yawa.

Sai ga shi wata kasuwa, ba alama, ba mafarki, kunkurun ya kife, muka leƙa, sulke na kwance a ƙasa. Tagulla ne ja, saƙarsa ƙanana kamar ɓawon kifi, yana ɗaukar ido. Ba wanda ya motsa. Jatau ya ce, "Baba Nomau, ɗauki abinka, kafin wani ya yi tuntuɓe ya faɗa ciki."

Nomau ya tuɓe lifidi, ya sa sulken. Ya zauna masa kamar tare aka haife su. Ya shafa ƙirji, ya shafa kafaɗa, hawaye na bin gemunsa. Da muka fito, labari ya riga mu. Mutane suka miƙe tsaye a dandali. Masu tuwo suka riƙa kiransa ya zo ya ci, makaɗa suka bi shi da kalangu, waɗanda ba su taɓa tambayar sunansa ba suka riƙa cewa ranka ya daɗe. Ya hau ma'aunin ƙofa ta biyu, ya rinjaya har dutsen awon ya yi tsalle. Ni dai lissafina ɗaya, kasuwa ta zagayo ya ratsa ƙofar nan ƙasa ta sake shi. 'Yan kwanakin nan ya yi su yana zaga gari ana nuna shi, har bakinsa ya ɗan buɗe. Ya ce mini da Babanmu na da rai da ya gani.

Ana jibi kasuwa, da hantsi, muka ji tambari daga cikin tsauni. Ƙasa ta girgiza, gefen dutsen ya tsage, sai ga bakin teku inda jiya ba komai, can ƙarshen yashi kuma ga sabuwar ƙofa mai shuɗin haske. Tsofaffin gari ko mamaki ba su yi ba. Suka ce haka ake yi lokaci-lokaci, ba mai sanin ranar. Iya ta mirgine tsofaffin duwatsun awo gefe, ta ɗora sabo. Gari duka ya bi layi, ba wanda ya rinjaya, har Jatau. Sulken Nomau ya tashi sama kamar an ɗora tsumma.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sauƙin maganin. A bakin tekun akwai masunta, duk wanda ya cika musu kwando da ƙaguwa sai su ba shi taguwar fata. Taguwa ce baƙa, mai ƙarni, ɗinkinta ko almajirin baduku ba zai yarda nasa ne ba. Amma ta rinjayi sabon dutse. Aikin yini guda ne. Na ga Jatau a tsakar dandali ya cire kwalkwalin da ya mutu sau ba adadi kafin ya samu, ya jefar, ya ruɓushe, ko waiwaye bai yi ba. Kafin la'asar rabin gari na warin kifi.

Na ce wa Nomau ya tashi mu je kamun ƙaguwa. Ya tashi, muka je, ya cika kwando kafin kowa. Masunci ya miƙo taguwar, ya ce sai dai ya tuɓe na jikinsa, don ba a ɗora kaya kan kaya. Nomau ya riƙe ta ya jujjuya, ya dubi ƙirjinsa. Ya mayar wa masuncin, ya juya.

Na bi shi ina faɗa. Na ce, "Yaya, ƙarfe ne fa. Ƙafarka nake ji, ba ƙirjinka ba."

Ya ce, "Kin san sau nawa na ƙone a kansa."

"Na sani, ni na hura maka. Shi ya sa nake ce maka ka cire."

"In cire wannan in sa fatar da ake ba kowane mai kwando?" Ya girgiza kai. "Gwamma, ban taɓa mallakar abin da mutane suka miƙe saboda shi ba."

Na ce masa waɗanda suka miƙe ɗin suna can suna tonon ƙaguwa, ba mai sake dubansa. Na faɗa masa maganganu masu zafi, irin waɗanda ƙanwa ba ta faɗa wa wa. Ya ci gaba da tafiyarsa. Muka je maƙera ko za a ƙara wa sulken nauyi, maƙerin ya ƙwanƙwasa, ya ce tsohon ƙarfe ba ya karɓar sabuwar wuta. Da rana tsaka, Nomau na barci a inuwa, na ɗauko wuƙa na gwada yanke maɗaurin kafaɗa. Wuƙar ta dakushe, maɗaurin ko ƙwarzane bai yi ba. Ashe sai hannun mai shi ke cire shi.

Na koma wa Iya na durƙusa. Ta ce hanya biyu suka rage. Akwai wata 'yar ƙofa a bayan gari, da rarrafe ake fita, tana kai mutum ƙasarsa, amma ko allura ta garin ba ta wucewa, sai an tuɓe komai. Ko kuma ya ratsa ƙofa ta biyu, tunda a wurinsa sabuwa ce, kuma tsohon dutsenta na nan. Sai dai ya sami cikakken ayari.

Na kai masa zancen gida. Ya ce ya koma da me, da buzu? A tambaye shi abin da ya je yi shekarun nan ya ce me? Amma zancen ƙofa ta biyu ya shige shi. Ya ce shi zai haɗa ayari da kansa.

Jatau ya zo ya ce in bi su sabuwar ƙofa, wurina na nan. Na ce ya ba shi aron mutanensa kasuwa ɗaya tak. Ya ce wallahi ya tambaye su, ba mai yarda ya ɓata kasuwa a kan dodon da kayansa ba su kai taguwar ƙaguwa ba. Ya ce shi dai idan ya sami sarari zai zo da kansa. Suka tafi da wani mai magani.

To, Nomau da ba ya iya tambayar hanya, shi ne ya tsaya a dandali kusa da tsamiyar Iya yana kiran mutane. Wa zai zo? Sai baƙin da suka iso jiya, su ma kafin rana ta karkata wani ya raɗa musu zancen ƙaguwa. A tara mutane tun safe, a tsaya jiran cikon, cikon na isowa wani ya gaji ya tafi. Ni ce mai zaga gari. Na yi jinya kyauta, na yi alkawarin da ba zan iya cikawa ba, na roƙi yaran da a haife na haifi iyayensu. Kasuwa ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Nomau ya daina zuwa masauki, ya ce kada wani ya zo nema ya tarar ba ya nan. Na ce ya riƙa taka ƙafa ko a wurin ne. Sai ya ɗaga ɗaya da ƙyar ya mayar, don in ƙyale shi. Nan nake kawo masa tuwo.

Ranar da abin ya haɗu, da sassafe Jatau ya iso cikin taguwarsa mai ƙarni, ya cika alkawari, har ya jawo maharbin nan mai baki. Na riƙe baƙi da fura da labari kada su watse. Na ƙirga mu, na sake ƙirgawa, Iya ma ta ƙirga. Mun cika. Ƙofa ta biyu ta fara buɗewa, muna jin ƙarar dutse.

Na ruga na kama hannun Nomau. Na ce, "Yaya, mun cika. Taho."

Ya dube ni, ya dubi mutanen, ya ɗaga murya ya ce, "Saura mutum ɗaya mu shiga."

Na ce ba saura kowa, ga Madugu, ga kowa, ya duba ƙofar a buɗe take. Na ja hannunsa, kamar na ja itacen kuka. Jatau ya kama ɗaya hannun, maharbin ya rungumo ƙugunsa, baƙi suka taya. Aka kawo fartanya da diga, ƙasar da ke kewaye da ƙafarsa ta riƙa tartsatsi. Na ce ya cire sulken yanzu, ko yanzu ne, ko ƙasa za ta ji tausayi. Na ɗora hannunsa a kan maɗaurin da kaina. Yatsunsa suka zauna a wurin, ba su kama ba.

"Saura mutum ɗaya mu shiga."

Ƙofar ta jira iya jiranta ta rufe. Baƙi suka zame ɗaya bayan ɗaya. Jatau ya matso ya ce, "Inna, Allah ya ba ki haƙuri," ya tafi, don ayarinsa na jiransa.

Ni na zauna. Na share masa ciyawa, na goge masa sulke da toka, na kore masa tsuntsaye daga kafaɗa. Tsayayyu ba sa ci, ba sa sha, ruwan sama ba ya damunsu. Idonsa na bina idan na gifta, ko ya san ni ko bai sani ba, Allah masani. Duk sanda ya yi kiransa sai in amsa, ga ni, Yaya. Ya sake, in sake. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Rannan mai fura ta tambaye ni ta nawa za ta dama, na buɗe baki na ji na ce mata, ga ni, Yaya. Na yunƙura zan tashi, diddigena ya yi nauyi.

Iya ta ce daga inda take zaune, "'Yar nan, gobe war haka ba ruwana."

Na tsaya gabansa na faɗa masa zan tafi gida. Na ce zan gaya wa mutanen garinmu ya sami sulken da ba kowa ke samu ba, an buga masa kalangu, manya sun miƙe masa. Na jira ko zai ce wani abu dabam. Ya ce saura mutum ɗaya.

Na je bayan gari na cire warwaro, na ajiye burgami, na zubar da takalmi, duk suka zama tsatsa a gabana. Na durƙusa na rarrafa da zanen da na baro gida da shi. Da na ɗago kai, ga koginmu, ga inda gonarsa take, ruwa na gudu a kai.

Iyakar abin da na gani ke nan, ban ƙara ba, abin da na rage kuwa nawa ne. Na san cikinku akwai masu ƙaiƙayin ƙafa, kuma maganar tsohuwa ba ta taɓa hana kowa tafiya ba. Wanda ya kai Birnin Matuƙa zai ga wani dogo kusa da tsamiya, cikin jan sulke, yana neman cikon ayari. Kada ya tsaya jiransa, ba zai shiga ba. Amma ya cire masa ciyawar ƙafa, ya kira shi da sunansa. Nomau ne.